Yadda Ake Shirya Tafiyar Kwana Ɗaya a Daji da Jakar Goyo

Tafiyar da nake nufi ita ce wadda za ka goya kayanka a baya, ka taka da ƙafa zuwa inda mota ba ta zuwa, ka kwana, washegari ka dawo. Na yi irinta sau da yawa, kuma abin da na ga ya fi kayar da sabon shiga shi ne duhu ya riske shi bai yada zango ba. Da zarar rana ta faɗi, aikin minti 10 sai ya koma na awa guda, hanya ta rikice, sanyi ya sauko, hankali ya tashi. Shi ya sa duk lissafin da zan koya maka daga faɗuwar rana yake farawa, ya yo baya zuwa lokacin da za ka fita daga gida. Kuma kusan duk aikin a gida ake gama shi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da za ka tanada

Jakar goyo mai cin lita 40 zuwa 50 ta ishi kwana ɗaya. Ka nemi mai ɗamarar ƙugu mai kauri, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗu su riƙe jakar kawai kada ta rinjaya baya. In jakarka ba ta da ɗamara, ka rage kaya sosai, ka kuma rage nisan tafiyar.

Wurin kwana abu uku ne: tanti, abin rufa, da shimfiɗa. Wanda ba shi da tanti zai iya amfani da tamfol mai mita 3 tsawo da faɗi, da igiya kamar mita 15, da gidan sauro. Abin rufa kuwa jakar barci ce, ko bargo mai kauri in daren ba mai tsananin sanyi ba ne. Shimfiɗar ce mutane suka fi rainawa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki duk daren, kuma bargon da ka kwanta a kansa yana matsewa ya daina tare sanyi, saboda haka siririyar katifar soso mai naɗewa ba don taushi kaɗai ake ɗaukar ta ba.

Takalmi ya zama wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, mai ƙasa mai kama dutse. Kada ka sa sabon takalmi ranar tafiya, ko da ya fi tsohon kyau. Safa ƙafa uku: ta tafiya, ta canji, da ta barci wadda ba za ta taɓa jiƙewa ba. Tufafi kuma ka guji na auduga zalla, domin auduga tana shan gumi ta riƙe shi, in iska ta kaɗa sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. Na ulu ko na roba mai saurin bushewa sun fi. Ka haɗa da rigar sanyi ɗaya, rigar ruwa, da hula mai tare rana.

Sauran su ne goruna biyu ko uku da za su ɗauki lita 3 na ruwa, abin tsabtace ruwa, ƙaramin risho na gas da tukunya ɗaya da cokali, leta da ashana a cikin leda, tocilan da ake ɗaurawa a goshi da batir na canji, taswirar takarda, kamfas, usur, waya da abin cajinta na tafi-da-gidanka, wuƙa, ƙaramin shebur, takardar bayan gida, da ledojin shara. Jakar magani ta ƙunshi filasta, bandeji, maganin wanke ciwo, maganin ciwon jiki, maganin ƙaiƙayi da kumburin cizon ƙwari, gishirin gudawa, hantsaki, da duk maganin da likita ya ɗora ka a kai.

Idan ka haɗa komai har da ruwa da abinci, kada nauyin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 70 kada ya goya fiye da kilo 14. Ka hau sikeli da jakar, ka sauke ta ka sake hawa, bambancin shi ne nauyinta.

1. Zaɓi wuri da abokin tafiya

A karon farko ka zaɓi hanyar da mutane suka saba bi, mai nisan kilomita 5 zuwa 10 zuwa, wadda ke da ruwa kusa da wurin kwana. Ka tuntuɓi ma'aikatan gandun dajin ko mutanen da ke zaune kusa da shi. Ka tambaye su ko ana buƙatar takardar izini, ko an yarda a kwana, ko an hana hura wuta, ko lokacin farauta ne, ko rafin da ke kan taswira yana da ruwa a wannan watan, sannan uwa uba halin tsaron wurin. Matambayi ba ya ɓata. In an ce maka wurin ba lafiya, ka nemi wani, babu kyan daji da ya kai ranka.

Kada ka tafi kai kaɗai a farko. Mutum biyu ko uku sun fi, za ku raba nauyin tanti da kayan girki, kuma in ɗaya ya gurɗe akwai mai neman taimako.

2. Yi lissafin lokaci

A nan nake so ka zauna da biro da takarda. Da farko ka auna nisan a taswira. In ma'auninta 1:50,000 ne, kowace santimita 2 kilomita 1 ce a ƙasa. In 1:25,000 ne, santimita 4 ce kilomita 1. Ka bi lanƙwasar hanyar da zare, sannan ka miƙe zaren a kan rula. Bayan haka ka duba siraran layukan nan masu nuna tudu da gangare. Inda suka matsu da juna hawa ne mai tsauri, inda suka yi nesa da juna ƙasa ce mai sauƙi. Ka ƙirga yawan mitocin da za ka hau gaba ɗaya.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sukotlan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa 1 ga kowace kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Amma ya yi ta ne don mutum mai ƙarfi da ke tafiya ba tsayawa. Kai da ke goye da kaya, kana hutawa, kana duba taswira, ka ƙara rabin abin da lissafin ya ba ka. Misali hanya mai kilomita 8 da hawan mita 450. Nisan zai ci awa 1 da minti 36, hawan minti 45, jimla awa 2 da minti 21. Ka ƙara rabi, ya zama awa 3 da rabi ke nan.

Yanzu ka nemi lokacin faɗuwar rana na wannan ranar a wannan wurin. A ce ƙarfe 6:30 ne. Kana buƙatar awa 2 na haske a zango don zaɓar wuri, kafa tanti, ɗebo ruwa da girki, don haka dole ka isa da ƙarfe 4:30. Ka cire awa 3 da rabi, ya nuna ƙarfe 1 na rana ne iyakar lokacin da za ka fara takawa. Ni ba na yarda in kai wannan iyakar, da hantsi nake farawa, domin mota tana iya makara, hanya tana iya ɓacewa, ƙafar wani tana iya yin bororo.

A tafiyata ta biyu mun bar mota da ƙarfe 3, muna ganin kilomita 7 ba wani abu ba ne. Magariba ta same mu a tsakiyar hawa. Muka kafa tanti da tocila a baki, a wuri na farko da ya yi kama da fili, ashe ɗan kwari ne. Da tsakar dare aka sako ruwa, bai ma daɗe ba, na farka na dafa ƙasan tantin na ji yana motsi a ƙarƙashin tafin hannuna kamar salka. Bargo ya jiƙe, muka ƙarasa daren a zaune a kan jakunkunanmu muna karkarwa. Da gari ya waye muka ga tudu busasshe, shimfiɗaɗɗe, bai fi taku 30 daga inda muke ba. Da mun isa da sauran rana da shi za mu fara gani.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, ka sa wa kanka lokacin juyawa. Ka zaɓi wata alama a tsakiyar hanya, mararraba ko rafi, ka ce in ƙarfe kaza ya yi ba mu kai nan ba, za mu koma ko mu kwana a wuri mafi kusa. Ku yanke wannan tun a gida, domin a hanya zuciya kullum cewa take saura kaɗan. In agogo ya tsaya, ka miƙa hannunka sosai, ka jera yatsu a kwance tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. Kowane yatsa kusan minti 15 ne kafin rana ta faɗi.

3. Duba yanayi

Ka duba hasashen yanayi kwana uku kafin tafiya, ka sake dubawa daren tafiya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sanyin dare, ruwan sama da iska. Ka sani cewa hasashen yawanci na garin da ke kusa ne, kuma zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da ka hau. In an yi hasashen hadari mai tsawa ko zafi mai tsanani, ka ɗage. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. Ruwa da guzuri

Mai tafiya da kaya yana shan kusan rabin lita a awa, in ana zafi har lita guda. Ka ƙara na girki da na dare da na safe. Kowace lita kilo 1 ce a bayanka, shi ya sa na ce ka zaɓi wurin kwana mai ruwa. In babu tabbacin ruwa a can, ka goya duk abin da za ka sha har dawowa, lita 6 ko fiye ga kowane mutum, ka rage wasu kayan.

Ruwan daji duk yadda ya yi garau, kada ka sha shi haka. Tafasawa ce hanya mafi tabbas: ya tafasa yana ɓulɓula na minti 1, in kuma kana sama da mita 2,000, minti 3. Matatar ruwa ta matafiya tana tare ƙwayoyin bakteriya da ƙananan halittu masu sa gudawa, amma yawancinta ba ta tare ƙwayoyin bairos. Ƙwayar kulorin ta sa wa ruwa tana buƙatar aƙalla minti 30, ka bi abin da aka rubuta a kwalinta. In ruwan ya yi gurɓi, ka bar shi ya kwanta, ka tace da tsumma mai tsabta kafin ka yi ɗaya daga cikin waɗannan.

Guzuri ya zama busasshe, mai saurin dahuwa, wanda ba ya lalacewa a zafi: abincin rana, na dare, na safe, da abin taunawa a hanya. Gram 700 zuwa kilo 1 a yini ya ishi yawancin mutane. Ka ƙara cin abinci ɗaya wanda ba ya buƙatar wuta, ka ɓoye shi a ƙasan jaka, na ko-ta-kwana ne. Wanda ba shi da risho zai iya tafiya da abincin da ba a dafawa kaɗai, kwana ɗaya ne.

5. Gwada kayan, sannan ka shirya jaka

Ka kafa tantin a gida tun daga farko har ƙarshe, ka ƙirga turakunsa da sandunansa. Ka kunna rishon ka tafasa ruwa. Ka goya jakar cike ka yi tafiyar awa guda, za ka ji inda take gogar ka.

Wajen shiryawa, ka fara shimfiɗa babbar ledar shara a cikin jakar, domin jakar goyo ba ta hana ruwa shiga. Kayan barci su tafi ƙasa. Masu nauyi, wato ruwa, abinci da tukunya, su zauna a tsakiya, manne da bayanka. Rigar ruwa, magani, tocila da abin taunawa su zauna a sama inda hannu zai kai nan take. Kada ka rataya tarkace a waje, suna lilo su karkatar da kai, reshe kuma ya fizge su. In ka goya, ɗamarar ƙugu za ka fara ɗaurewa a kan ƙashin kwankwaso, sannan ka ja maɗauran kafaɗa.

Ka sauke taswirar wurin a wayarka tun kana da intanet. GPS na waya, wato abin da ke nuna inda kake a taswira, yana aiki ko babu sabis, kuma in ka sa ta a yanayin jirgin sama caji zai daɗe. Amma waya tana faɗuwa a ruwa, tana mutuwa, don haka taswirar takarda ta kasance a aljihu cikin leda.

6. Bar saƙo a gida

Ka rubuta wa mutum ɗaya da ka amince da shi inda za ku shiga dajin, hanyar da za ku bi, inda za ku kwana, sunayen abokan tafiya, lokacin dawowa, da lokacin da zai nemi taimako in bai ji daga gare ku ba, da lambar da zai kira. A rubuce, ba da baki ba. In kun bar wannan saƙon, kada ku canza hanya don son rai, domin inda kuka rubuta nan za a neme ku.

7. A kan hanya

Ka fara a hankali, da takun da za ka iya hira kana yi. Mafi rauni a cikinku shi ne zai sa ma'aunin tafiya, kuma kada ku rabu har wani ya daina hango wani. Ku huta minti 10 a kowace awa, ku sha ruwa kafin ƙishi ya kama ku.

Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara ɗumi ko zafi-zafi, tsaya nan take, cire takalmi, busar da wurin, manna filasta. Minti 5 ne. In ka ce bari mu kai gaba, bororo zai tashi ya fashe, gobe kuma da shi za ka taka duk hanyar dawowa.

A kowace mararraba ka waiwaya ka kalli hanyar ta baya, saboda kamanninta daban ne in kana dawowa. Wajen tsallake rafi, ka kwance ɗamarar ƙugu don ka iya yar da jakar in ka faɗi, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara da sanda. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba a shigarsa. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, sauka daga kan tudu, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Idan kun ɓata, ku tsaya. Ku zauna, ku sha ruwa, ku tuna wuri na ƙarshe da kuka tabbatar da shi a taswira. In kuna da yaƙinin komawa can, ku koma. In babu, ko duhu ya kusa, ku kafa tanti a inda kuke. Busa usur sau uku a jere alama ce ta neman agaji, kuma usur ya fi murya kai wa nesa.

Kada ka zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi hanyar kai shi asibiti cikin gaggawa.

8. Yada zango

Ajiye jakar ka zagaya tukuna. Kana neman wuri mai ɗan tudu, shimfiɗaɗɗe, nesa da ruwa da kamar mita 60, wato taku 70 na babban mutum. Bakin ruwa ya fi sanyi da sauro, kuma hanyar dabbobi ce da dare. Kada ka taɓa kwana a busasshen rafi komai laushin yashinsa, ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya zuwa da ambaliya alhali samanka garau take. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a samanka, ka sunkuya ka duba gidan tururuwa da ramuka. In akwai wurin da wasu suka riga suka kwana, yi amfani da shi maimakon share sabo.

Ka kwanta a wurin kafin ka kafa tanti, bayanka zai gaya maka abin da ido bai gani ba. In akwai ɗan gangare, kai ya kasance a sama. Ƙofar tanti ta juya wa iska baya, turaku kuma a kafa su a karkace, kansu yana kallon waje. Mai tamfol ya ɗaura igiya tsakanin bishiyu biyu a tsayin ƙugu, ya yafa tamfol a kai, ya ja gefen da iska ke fitowa har ƙasa.

9. Girki, wuta da dare

Ka yi girki nesa da tanti, tun da sauran haske. Kada ka kunna risho ko ka shigar da garwashi cikin tanti komai sanyi ko ruwa. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. In an yarda da hura wuta, ka yi ƙarama a inda aka taɓa hurawa, da busassun ƙiraren da suka faɗo ƙasa. Kafin ka kwanta ka zuba mata ruwa, ka juya tokar, ka sake zubawa har ka iya taɓa ta da hannu.

Abinci, shara da duk abin da ke da ƙamshi kada su kwana a tanti. Ka ƙulle su ka rataye a reshe nesa da inda kuke. Kowane daji da dokarsa a kan wannan, a gandun Yosemite na Amurka alal misali wajibi ne mai kwana a daji ya zuba abincinsa a wani ƙaƙƙarfan mazubi da beyar, wata babbar dabbar daji, ba ta iya buɗewa.

Bayan gida kuwa, ka yi nisan taku 70 daga ruwa, hanya da zango, ka haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, in ka gama ka rufe. Wanke-wanke ma ka ɗebo ruwa ka yi shi nesa da rafi.

Kafin barci ka canza zuwa busassun kaya, ka duba jikinka ko kaska ta kama, ka ajiye tocila da usur a inda hannunka zai same su a duhu. Za ka ji motsi da kuka iri-iri, kuma ƙaramin ɓera a cikin busasshen ganye yana ƙara kamar babbar dabba. In wani ya kama karkarwa ba tsayawa, maganarsa ta fara harɗewa, sanyi ne ya shige shi. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi a kan shimfiɗa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya.

10. Safiya da dawowa

Ka kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa, kunama tana iya ɓuya a cikinsa. Ka bar rana ta ɗan busar da raɓar tanti yayin da kuke karyawa, ka cika goruna da tsabtataccen ruwa, sannan ka zagaya wurin sau biyu ka tsince komai, har ɓawo da guntun leda. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa saboda gajiya da ɗokin gida, don haka ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, ka gajarta taku.

Da ka samu sabis, wanda ka bar wa saƙo shi ne farkon wanda za ka kira. A gida kuma ka shanya tanti da kayan barci su bushe ƙarau kafin ka naɗe, in ba haka ba za su yi fumfuna. Sannan ka zazzage jakar, ka ware abin da ba ka taɓa ba ko sau ɗaya. Ban da magani, rigar ruwa, usur da taswira, duk abin da ke cikin wannan tarin ka bar shi a gida a tafiya ta gaba. Ka kuma rubuta awa nawa hanyar ta ci muku a zahiri kusa da lissafin da ka yi tun farko, da wannan za ka gyara lissafin tafiya ta biyu.